Wanda Ya Gani Ya Ɗauka

Safwat bai zo kamfanin nan don gadin kalmomi ba. Rubuta manhaja ya zo yi, da takardar shaidarsa da komai, shekara takwas da suka wuce, lokacin da sauran gashi a tsakiyar kansa. Kamfanin yana hawa na huɗu a wani tsohon bene a Iskandariyya ta Masar, kusa da tashar taragon cikin gari ta Ramli, kuma abu ɗaya yake yi: manhajar da masu kantin magani ke dubawa su san me ke kan kanta, me ya ƙare, me ya kusa lalacewa. A cikin manhajar akwai shafukan jagora guda ɗari huɗu da goma sha biyu, waɗanda mai kanti ke buɗewa in ya rasa inda zai danna.

Bakinsa ne ya ja masa. A satinsa na uku, a taron safiyar Alhamis, ya ɗaga hannu ya ce ya lura shafukan jagora suna kiran abu ɗaya da suna uku. Maɓallin da ake fitar da magani daga jerin kanta, wani shafi ya ce a cire, wani ya ce a goge, wani kuma ya ce a soke, alhali maɓallin ɗaya ne tal. Ya faɗa yana jin daɗin kansa, irin na sabon ma'aikaci da ke son a san da zamansa. Sai wani dattijo da ke can ƙarshen tebur, wanda shafukan ke hannunsa a lokacin, ya taso ya zagayo ya sumbace shi a goshi. Safwat ya ɗauka yabo ne.

Ashe gidan yana da doka wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba: wanda ya ga kuskure ya faɗa a taro, shi zai ɗauki aikin. Shugabansu, Injiniya Hazim, shi ya kawo ta, kuma ya yarda da ita har zuciyarsa. A ganinsa mutumin da abu ya tsaya wa a ido shi ne zai fi kowa kula da shi, wanda aka tilasta wa kuwa aikin banza zai yi. Ranar ya ce wa Safwat sati biyu ne kawai, ya daidaita kalmomin ya dawo teburinsa. Dattijon ya koma wani sashe washegari, bayan shekara biyu ya yi ritaya, kuma har yau duk Sallah sai ya aiko wa Safwat da gaisuwa.

Sati biyun ba su isa ba, domin aikin ba mai ƙarewa ba ne. Safwat ya haɗa kundin kalmomi, ya ba kowane abu suna ɗaya, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana tsefe su. Kafin ya kai ƙarshe an ƙara wa manhajar sababbin abubuwa, masu rubuta ta kuma sun jefo masa bayanansu, kowa da irin bakinsa. Wannan ya ce kanta, wancan ya ce ma'ajiya, na uku ya rubuta duka biyun a layi ɗaya don kada a ce ya yi son kai. Safwat ya gyara, su ɓata, ya sake gyarawa. Ba mai duba bayansa. Duk abin da ya sauya, cikin 'yan mintoci ya isa allon kantuna ɗari tara daga Matruh har Aswan.

Kuma ya iya aikin, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Idonsa ya zama kamar rariya. Ko takardar farashin mai wake ta ƙasan bene ya kalla, sai ya ga an rubuta kwano a sama an rubuta faranti a ƙasa, ya rasa daɗin wakensa. Bahgat, abokin wasansa da suka shigo kamfanin wata ɗaya, ya laƙaba masa Shehun Kalmomi, sunan kuma ya bi shi.

Sauran mutanen gidan kuwa sun koyi darasi a kansa. Tun daga ranar da aka sumbaci goshin Safwat ba wanda ya sake ganin kuskure a shafukan jagora. Mutum talatin, duk masu karatu, duk lafiyayyun ido, amma suka makance a kan abu ɗaya. In Bahgat zai wuce ta bayan teburin Safwat, sai ya zare tabaransa ya riƙe a hannu har ya wuce.

A shekara ta tara aka ce za a gina sabuwar manhaja ta wayar hannu, daga tushe, da mutum biyar. An zaɓi huɗu, saura kujera ɗaya. Safwat yana da shekara arba'in da ɗaya, ya kuma san in wannan ta wuce shi ba za a sake kiransa mai rubuta manhaja ba, ko a nan ko a wani wuri. Ranar Lahadi da safe ya shiga ofishin Injiniya Hazim ya roƙa. Injiniya ya sa aka kawo masa shayi, ya saurare shi har ƙarshe.

"Ustaz Safwat, kujerar taka ce, da zuciya ɗaya," in ji shi. "Amma shafukan fa, wa zan ba?"

Safwat ya ce ai shi ne shugaba, ya nuna mutum kawai ya ce wane ɗauka.

"Ka san ba na yin haka. Ka kawo mini wanda ya gani da idonsa ya faɗa da bakinsa a taro, ni kuma in sake ka a take. Alhamis bayan taro zan rufe sunaye. In ba a samu ba, Tamir zai shiga."

Tamir kuwa wani matashi ne cikin masu rubuta manhajar. Kwana huɗu ke nan. Safwat ya bi mutane tebur tebur. Wani ya ce idonsa na ciwo, wani ya ce shi Larabcinsa na kasuwa ne, wata ta yi dariya har ta ƙware da shayi. Bahgat ya dafa kafaɗarsa ya ce wallahi da ƙoda ya nema da ya ba shi ɗaya.

Da la'asar ɗin nan ne shaiɗan ya zo masa da shawara, kuma Safwat bai kore shi ba. Tunda ba wanda ke ganin ƙaramin kuskure, to zai ajiye musu babba, wanda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi. Ya buɗe shafi na tamanin da uku, shafin fitar da maganin da wa'adinsa ya wuce, wanda aka fi buɗewa a duk jagorar. Sau bakwai kalmar cire ta fito a ciki. Ya bar uku, ya mayar da biyu goge, biyu kuma soke. Ya ji kamar ya zuba ƙasa a tuwon da ya tuƙa da kansa, amma ya tura.

Litinin ya bar shafin a buɗe a allonsa, ya ƙara girman rubutun, ya juya allon ya fuskanci hanya. Mutane suka yi ta wucewa. Ya ga idon Tamir ya sauka a kai ya ɗauke da sauri. Da Bahgat ya zo, Safwat ya riƙe masa hannun riga ya ce ya karanta masa layin nan, kansa na ciwo.

"Wane layi? Ni farin allo kawai nake gani," Bahgat ya ce, tabaransa na hannu. Sai ya sunkuyo ya rage murya. "Shehu, tarkon nan naka ya yi girma da yawa. Ko ɓeran da aka haifa jiya zai zagaye shi."

Amma akwai mutum ɗaya a gidan da ba ta san da dokar ba. Madam Inas sati uku ke nan da zuwanta sashen gwaji, inda ake danna manhaja ta ko'ina a ga inda za ta karye. Ba yarinya ba ce, ta haura arba'in. Shekara goma sha biyu ta yi a wani ofishi tana buga takardun da wasu suka rubuta, tana koyon aikin gwaji a gida bayan ta sallami 'ya'yanta, har Allah ya ba ta wannan wurin. Ta taɓa faɗa wa Safwat a wajen shan shayi cewa in ta sake zama tana gyara rubutun wani, to a kai ta asibitin mahaukata. Ba wanda ya gaya mata dokar, don kowa yana lissafin cewa gara ita da shi.

Talata da hantsi ta zo teburinsa da 'yar takarda a hannu. Ta yi sallama, ta ba shi haƙuri tun kafin ta fara, ta ce ba ta son ta shiga hurumin da ba nata ba, amma ta ga wani abu a shafi na tamanin da uku, ta ce bari ta faɗa masa a tsakaninsu ya gyara ba tare da kowa ya ji ba.

Matar kirki ce, kuma kirkin nata ya kusa ɓata masa shiri, domin abin da aka faɗa a tsakanin mutum biyu ba ya shiga doka. Safwat ya karɓi takardar ya duba kamar bai san abin da ke ciki ba. Ya ji bakinsa yana magana.

"Allah ya saka, Madam. Amma a gidan nan ba a gyara a ɓoye. Ki faɗa a taron Alhamis. Injiniya yana son mai ido, zai san da zamanki."

Ta tambaye shi ko ba zai ji kunya ba a faɗi kuskurensa a gaban mutane. Ya ce ko kaɗan. Ta tafi tana yaba halinsa. Bahgat, wanda ya ji komai daga teburinsa, ya kalle shi tsawon lokaci, sannan ya mayar da kai kan aikinsa. Safwat ya ji kunya ta rufe shi, amma a ƙarƙashin kunyar akwai murna, kuma murnar ta fi ƙarfi. Ranar a tarago yana komawa gida ya fito da wayarsa ya fara karanta yadda ake rubuta manhajar waya a yanzu. Rabin abin bai gane ba, duk da haka ya ji daɗi.

Laraba bayan azahar masu amsa kiran kwastomomi suka turo masa wani kira, suka ce mutumin ya ƙi magana da kowa sai wanda ke rubuta jagora. Muryar dattijo ce. Ya ce sunansa Dakta Murkus, yana da kantin magani a garin Damanhur tun kafin a haifi wanda ya fara ɗaukar wayar. Ya ce yana da kwali guda na maganin tarin yara da wa'adinsa ya wuce ranar Lahadi, ya buɗe shafi don ya fitar da shi daga jeri kamar yadda ya saba, sai ya ga an ce a goge. Shi kuma ba zai goge ba, domin masu duba kantuna in sun zo sai sun nemi tarihin kowane kwali, in ya ɓace kuma shi za a kama. Ya nemi maɓallin gogewa ma bai gani ba, ya nemi na sokewa bai gani ba. Kwana uku ke nan bai taɓa komai ba. Jiya kuma 'yarsa da ke taya shi tsaron kanti ta ga maganin yana nan a jeri, ta ɗauko kwalba ta miƙa wa wata mata, Allah ya sa ya hango ya karɓe.

Safwat ya ce masa ya danna maɓallin cire kamar kullum, duk abu ɗaya ne, ba abin da zai ɓace.

"A'a, ɗana, ba abu ɗaya ba ne," dattijon ya ce. "Shekara takwas ina karanta littafin nan. Mai rubuta shi ba ya canza kalma a banza. In ya ce cire, cire ne. Tunda ya ce goge, to akwai abin da yake nufi. Ka haɗa ni da shi."

"Ni ne, Dakta."

Sannan dattijon ya sauya murya, ya gaishe shi da girmamawa kamar wanda ya haɗu da babban malami, ya ce ya daɗe yana son ya yi masa godiya, shi da bai iya kwamfuta ba littafin nan ne ya riƙe masa hannu. Daga nan ya tambaya a hankali, to me ya sa aka canza. Safwat ya ce kuskure ne. Dattijon ya ce ba komai, ɗan Adam ne, ya san kafin ya ajiye waya ma an gyara.

Safwat bai gyara ba. Ya ajiye wayar ya zauna a kan hannuwansa, a zahiri, ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa kamar yaron da aka hana taɓa abinci. Sa'a goma sha tara suka rage a yi taro. Ya yi wa kansa lissafi: Dakta Murkus ya riga ya ji bayani, sauran masu kantuna kuma ba sa karatu da irin wannan tsanani, yawancinsu dannawa kawai suke yi. Lissafin ya tsaya daidai in ban da abu ɗaya, bai san nawa ne a cikin ɗari taran suke irin Dakta Murkus ba, kuma su ba za su kira ba. Ya kashe allon ya tafi gida da wuri. Matarsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya ne, ya ce wake ne ya zauna masa a ciki.

Alhamis ya iso ofis ƙarfe takwas, taro kuma sai goma. Ya sa sabuwar riga. Ya ce ba zai kunna kwamfutar ba, ya je ya haɗa shayi, ya tsaya a taga yana kallon tarago biyu sun wuce. Ƙarfe takwas da rabi ya kunna, don ya duba saƙonni kawai. Ƙarfe tara saura kwata ya buɗe shafin, don ya tabbatar yana nan yadda Madam Inas za ta nuna shi. Ga su nan kuwa, goge biyu, soke biyu, a tsakiyar shafin da ya fi kowane shafi tsabta a jagorar. Ya kalle su. A daidai lokacin nan kantuna suna buɗewa, ana ɗaga ƙofofin ƙarfe daga wannan gari zuwa wancan.

Ba zai iya cewa ya yanke shawara ba. Minti huɗu abin ya ɗauka, har da sake karantawa sau biyu. Sai da ya tura gyaran sannan ya jingina da kujera, ya ji numfashinsa ya sauka har ciki, karo na farko tun Lahadi. Daɗin nan da ya ji shi ya fi tsorata shi.

A taro, bayan an gama maganar sabuwar manhaja, Injiniya Hazim ya tambaya ko akwai mai wani abu. Madam Inas ta ɗaga hannu. Mutum talatin suka sunkuyar da kai lokaci ɗaya, Bahgat ya ɗaga nasa yana nazarin silin. Ta ce ta ga saɓanin kalmomi a jagora, shafi na tamanin da uku. Fuskar Injiniya ta washe, ya ce a haska shafin a bango kowa ya gani.

Aka haska. Ta tashi ta matsa kusa ta fara bin layukan da yatsa. Cire, cire, cire, har bakwai. Ta koma sama ta sake bi. Ta duba 'yar takardarta, ta duba bango, ta ce wallahi shekaranjiya ba haka yake ba. Wani ya yi tari don ya danne dariya. Ta juyo ta kalli Safwat, shi kuma ya kalli kofin shayinsa.

Injiniya ya ce ba komai, sabon ido yakan yi gaggawa, ta zauna. Sannan ya juya ga jama'a ya ce su duba su gani, shekara takwas, shafi ɗari huɗu da ɗoriya, an zo da niyyar kama kuskure ɗaya an rasa. Ya ce irin wannan mutum ba a matsar da shi daga inda Allah ya ajiye shi, zalunci ne ga kantuna. Aka tafa wa Safwat. Aka rubuta sunan Tamir a kujera ta biyar, aka tashi.

Bayan azahar Madam Inas ta zo teburinsa. Idonta ya yi ja. Ta ce Bahgat ya ja ta gefe ya gaya mata dokar gidan, ya gaya mata abin da zai same ta da shafin ya fito yadda ta gan shi. Ta ce ta fahimci komai: ya so ya tura ta rami, sannan a ƙarshe ya kasa, ya sadaukar da kujerarsa don ita. Na farkon ta yafe, na biyun kuma ba za ta manta da shi ba har ta mutu.

Safwat ya so ya karɓi godiyar nan. Ita kaɗai ce abin da zai iya fita da shi daga wannan sati, kuma da ya gyaɗa kai kawai shi ke nan. Amma shekara takwas ya yi yana hana mutane kiran abu da sunan da ba nasa ba.

"Madam, kada ki gode mini," ya ce. "Lokacin da nake gyarawa, wallahi ko tuna ki ban yi ba."

Ta tsaya tana kallonsa, tana jiran ya ƙara wani abu. Ya mayar da idonsa kan allon. Ta ninke takardarta ta koma sashenta. Can ɗaya gefen ɗakin mutum biyar suna jan tebura suna haɗa su wuri ɗaya, Tamir yana tambaya ko wa ya ga wayar cajinsa. Safwat ya gyara zaman kujerarsa, ya juyo da allon ya daina fuskantar hanya.